ZARE: Wanda ke tsoron caji ofis, wa zai kai wa ƙara?

1/ Yau zan taɓo maganar da kowa ke kauce wa. Na san wasu kafin su kai lamba 5 sun fara zagina a ƙasa. Ba komai, na shirya. Alfarma ɗaya nake roƙo: ka karanta har ƙarshe, sannan ka zage ni da hujja. 🧵

2/ Shekaranjiya wani ya turo labari a gurup ɗinmu na WhatsApp na matasan Tambuwal da Kebbe. Wai a Ingila 'yan sanda na da kwamitin masu ba su shawara kyauta daga cikin masu neman jinsi, waɗanda ake kira LGBTQ. Nan take gurup ya kama da wuta.

3/ Tsinuwa, sitika, "Allah Ya raba mu." Wani ya rubuta: "Mu ma muna da kwamiti a nan, sunanshi gora." Aka yi ta dariya. Ni ban yi ba. Na taɓa ganin aikin gorar nan da idona, kuma wanda ta sauka a kansa har yau ba a kawo shaida ko ɗaya a kansa ba.

4/ Bari in share fage. Ni Musulmi ne, haifaffen Tambuwal. Ban zo ba da fatawa ba, ba ni da wannan ilimin, malamai na nan. Maganata a kan abu uku ce: ran ɗan Adam, mutuncinsa, da aikin da aka ɗauki ɗan sanda ya yi.

5/ Da farko, daga ina kwamitin can na Ingila ya fito? A Afrilun 1999 wani Bature mai suna David Copeland ya dasa bam ɗin ƙusoshi sau uku a Landan cikin mako biyu. Na farko a Brixton, unguwar baƙar fata. Na biyu a Brick Lane, unguwar 'yan Bangaladash, akasarinsu Musulmi.

6/ Na uku, ranar 30 ga Afrilu, a wata mashaya mai suna Admiral Duncan a Soho, inda masu neman jinsi ke taruwa. Mutum 3 suka mutu, ciki har da wata mata mai juna biyu da ta je wurin tare da mijinta. Ka lura da kyau: hannu ɗaya ne ya nufi baƙi, ya nufi Musulmi, ya nufi waɗancan.

7/ Bayan wannan ne aka kafa wa 'yan sandan Landan kwamitin. A shekarar ce kuma rahoton Macpherson kan kisan Stephen Lawrence, wani yaro baƙar fata, ya tona yadda wariya ta yi katutu a rundunar. Suka gane abu ɗaya: mutanen da ke tsoronka ba za su kawo maka labari ba.

8/ Aikin irin wannan kwamiti ba albashi. Su zauna da manyan 'yan sanda, su ce ga inda ake tare mutanenmu, ga yadda jami'inku ya wulaƙanta wanda ya kawo ƙara, ga dalilin da ya sa shaidu ke gudu. Akwai irinsa na baƙar fata, na naƙasassu, na matasa.

9/ Kar ka ɗauka can ɗin aljanna ce. Daga 2014 zuwa 2015 wani Stephen Port ya kashe samari 4 a Barking, gabashin Landan. An tsinci gawa uku kusan wuri ɗaya, a harabar wani coci da gefenta. 'Yan sanda suka yi ta cewa ƙwaya ce ta kashe su.

10/ 'Yan'uwa da abokan mamatan ne suka matsa har aka kama shi. A Disambar 2021 binciken kotu ya ce sakacin 'yan sanda mai yiwuwa ya taimaka wajen mutuwar uku daga ciki. Wato idan jami'i ya raina wanda aka kashe, makashi ya samu lasisi.

11/ To mu dawo gida. Za a iya kafa irin wannan kwamiti a Tambuwal ko Kebbe? A'a. Duk wanda ya ce maka ana shirin yi, ko dai bai san doka ba, ko yana neman mabiya ne a TikTok.

12/ A Janairun 2014 Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana auren jinsi. Ɗaurin shekara 14 ga wanda ya yi auren, shekara 10 ga wanda ya kafa ko ya shiga ƙungiyarsu ko ya mara mata baya. Ga kuma dokar shari'a da Sakkwato ke aiki da ita tun 2000.

13/ Ke nan a nan, takardar sunayen 'yan kwamitin ita ce za ta zama takardar kame. Don haka ku kwantar da hankali, ba wannan nake nema ba. Tambayar da ta sa Turawa suka kafa nasu ce ke damuna, domin tana nan a ƙofar gidanmu: wanda ke tsoron caji ofis, wa zai kai wa ƙara?

14/ Ga abin da na gani. Ba zan faɗi gari ba, ba zan faɗi suna ba. Wata tasha ce a yankinmu. Akwai wata baiwar Allah mai tuwo da shinkafa, ɗanta ke taya ta. Yaro ne mai sanyin murya, mai rangwaɗa in yana tafiya. Tun yana ƙarami ake kiransa ɗan daudu.

15/ Kuma kowa ya san 'yan daudu ba jiya suka fara ba a ƙasar Hausa. Kakanninmu sun ci abincinsu a tasha da kasuwa da wurin biki. Daudu salon magana ne da tafiya da sana'a. Ba shaidar abin da mutum ya aikata a ɓoye ba ne. Amma wa ke tsayawa bambancewa yanzu?

16/ Ran kasuwa, yaron nan ya tambayi wani ƙato kuɗin abincin da ya ci bashi. Ƙaton ya ji kunya a gaban mutane. Maimakon ya sa hannu aljihu, sai ya ɗaga murya ya jefi yaron da kalmar nan da kuka sani. Shi ke nan fa. Kalma ɗaya.

17/ Kafin ka ce kwabo an taru. Cikin waɗanda suka fara kai hannu har da biyu daga masu sintirin unguwa, waɗanda muke tara wa kuɗin batir da shayi duk wata. Suka ƙwace wayarsa, suka bincike ta kaf. Ba su ga komai ba. Duka dai bai tsaya ba.

18/ Uwar ta faɗi tana riƙe ƙafafunsu. Da dare sai da ta kwance kuɗin adashinta ta ba su kafin suka sake shi. Ba a je caji ofis ba, ba a je gaban alƙali ba. Bayan kwana biyu yaro ya shiga mota ya bar garin. Mai bashi kuwa har yau bai biya kuɗin tuwo ba.

19/ Ina wurin. Ina tsaye da buhun da aka aike ni. Ban ɗaga hannu na dake shi ba, amma ban buɗe baki ba. Tsoro ya kama ni kar a ce, "Kai kuma mi ya haɗa ka da shi?" Wannan shirun nawa shi ne ya hana ni dariya a gurup.

20/ Washegari na sami kawuna, dattijo ne da ke zama a kwamitin da ke ganawa da 'yan sandan yankin. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Kawu, abin ga da anka yi jiya, ba a kai shi gaba?" Ya daɗe yana jan casbi.

21/ Ya ce, "Ɗana, na san zalunci ne. Amma in na tashi cikin taro na ce a bi ma yaron ga hakkinai, gobe ni za a raɗa ma suna. Ina da ɗiya mata da ba su yi aure ba." Dattijo mai furfura ke nan. Kalmar nan ta rufe bakin kowa, daga yaro har babba.

22/ Yanzu tambayi kanka, wa ke cin ribar wannan tsoron? Na ɗaya, ɓarayi. A kudu har suna gare shi: kito. A yaudari mutum ta intanet, a kira shi wani ɗaki, a tuɓe shi, a ɗauki bidiyo, a kwashe kuɗin asusunsa, a ci gaba da tatsar danginsa. BBC ta yi shiri a kai a 2023.

23/ Fashi ne da garkuwa da mutane tsagwaronsu. Amma wanda aka yi wa ba zai je caji ofis ba, don ya san tambayar farko ba "wa ya yi maka?" ba ce, "me ya kai ka?" ce. Gungun da ya ƙware a wannan, gobe ƙanwarka zai yi wa da hotonta. Sana'a ɗaya ce.

24/ Na biyu, masu lalata yara. A nan ku saurara da kyau. Babba ya yi wa yaro fyaɗe, wannan ta'addanci ne a kan yaro, kuma yaron ba shi da laifin komai. Amma saboda mun cakuɗa komai cikin kalma ɗaya, iyaye na ɓoyewa don kar tambarin ya bi ɗansu har girma.

25/ Sakkwato na da dokar kare yara da dokar hana cin zarafi tun 2021. Akwai cibiyar Nana Khadija a birnin Sakkwato da ke karɓar waɗanda aka yi wa fyaɗe. Amma doka ba ta aiki sai an kai ƙara, ƙara kuma ba ta zuwa daga gidan da ke tsoron gorar unguwa.

26/ Na uku, duk mai jin haushin wani. Kishiya, abokin takara a siyasa, wanda kuke rigimar gona, wanda ka hana bashi. Ba ya buƙatar shaida. Hoto ɗaya da aka haɗa a waya, a jefa a Facebook, an gama da kai da zuri'arka.

27/ Za ka ce ai hukuma na kamawa. Mu duba. Afrilun 2017, Zariya: an kama mutum 53, aka ce bikin auren jinsi ne. A kotu suka musanta, lauyansu ya ce bikin zagayowar ranar haihuwa ne. Oktoban 2023, Gombe: jami'an sibil difens suka kama mutum 76 a wani biki.

28/ Agustan 2018, Egbeda a Legas: an kama 57, aka jera su gaban kyamara, duniya ta ga fuskokinsu. Aka gurfanar da 47. A Oktoban 2020 Mai Shari'a Rilwan Aikawa ya kori ƙarar, don masu gabatar da ita sun kasa kawo shaidunsu. Aiki da mutuncin da suka rasa fa? Wa ya biya?

29/ Kamen taro da nunawa a talabijin ya fi binciken ɓarawon shanu sauƙi. Ba shiga daji, ba harsashi, ga tafi daga jama'a. Mu da a Kebbe akwai ƙauyukan da mutane ba su barci da ido biyu rufe saboda 'yan bindiga, mu ne ya kamata mu fi kowa jin haushin wannan.

30/ Yanzu ga masu cewa "addini muke karewa." Madalla. Mu je zaure. Duk wanda ya yi karatun Risala ta Ibn Abi Zaid ya wuce ta babin haddi. A mazhabarmu ta Malikiyya, wanda ya jefi mutum da luwaɗi bai kawo shaidu ba, shi ne ke shan bulalar ƙazafi. Bulala 80.

31/ Shaidun kuma huɗu ne, adilai, da suka gani da idonsu. Ba "ana cewa" ba. Ba salon tafiya ba. Ba saƙon waya da aka ƙwata da ƙarfi ba. Suratul Nur ta yi maganar ƙazafi, Suratul Hujurat ta hana zato da leƙen asirin mutane. Ka koma ka karanta da tafsiri.

32/ Ke nan a tashar can, in da shari'ar gaskiya aka bi, bayan ƙaton nan mai bashi ne zai sha bulala, ba na yaron mai tuwo ba. Mun juya shari'a ƙafa sama, kai ƙasa, muna kabbara a kai.

33/ Garin Tambuwal ribaɗi ne na Muhammadu Buhari ɗan Shehu. Shi kuwa Shehu Usmanu, a farkon Ihya'us Sunna, sai da ya bayyana cewa tona asirin mutane da shagaltuwa da aibinsu ba shi ne nufinsa ba. Mu jikokin almajiransa mun mai da tonon asiri abin neman "like".

34/ Ku tuna Safiya Hussaini ta Tungar Tudu. Kotun shari'a a Gwadabawa ta yanke mata hukuncin jefewa a 2001. Ta ɗaukaka ƙara. A Maris 2002 kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a a Sakkwato ta sallame ta. Alƙali na kuskure a gyara. Taron gora ba shi da ɗaukaka ƙara.

35/ Kuma gora ba ta san mai ita ba. Maris 2025, Uromi a jihar Edo: 'yan sintiri suka tare motar mafarauta 'yan Arewa da ke komawa Kano yin Sallah. Wani ya ce "masu garkuwa ne." Aka kashe 16. Mun yi kuka, mun ce ina shaida, ina kotu, ina 'yan sanda?

36/ Tambayoyin nan daidai ne. Amma ba za ka yi su a Uromi ka haɗiye su a tashar garinku ba. A can kalmar "ɗan garkuwa" ce, a nan wata kalma ce. Injin ɗaya ne: a laƙaba, a taru, a daka. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka san sauran.

37/ Mun kuma ga inda aikin sa-kai ba linzami ke kaiwa. Bayan kashe-kashen kasuwar Mamande a Gwadabawa a Oktoban 2021, gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta haramta 'yan sa-kai a jihar. Waɗanda suka fara da sunan kare mu ne fa.

38/ To mene ne mafita? Ba sai mun aro komai daga Landan ba. Muna da kwamitin hulɗar 'yan sanda da jama'a, PCRC, tun 1984. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta tanadi kwamitocin tsaron al'umma. A 2024 jiha ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma da Hisba. Kujeru na nan. Me ake faɗa a kansu?

39/ Ga abin da nake nema daga duk mai zama a waɗannan kujeru, daga Dogon Daji zuwa Jabo, daga Sanyinna zuwa Kuchi.
Na 1: Ɗan sintiri ba alƙali ba ne. Ko me ake zargin mutum da shi, a miƙa shi ga hukuma da ransa da lafiyarsa. Wanda ya daka, shi ma a kai shi.

40/ Na 2: A daina ƙwace waya a titi. Sashe na 37 na tsarin mulki ya kare sirrin gidanka da wayarka. Dokar 2020 ta ce sutura ko askin mutum ba dalilin zargi ba ne. In ɗan sanda mai kaki bai da wannan ikon haka kawai, ina ga mai gora?

41/ Na 3: Wanda ya zo ya ce an yi masa fashi, ko ana tatsarsa da bidiyo, ko an yi barazanar kashe shi, a bi ƙararsa. Ɓarawon za a nema. A samu dattijo ɗaya ko lauya a kwamiti da mutum zai iya samu a asirce, ya raka shi wurin DPO.

42/ Na 4: Wanda ya jefi wani da wannan kalma a bainar jama'a ko a intanet, a kira shi ya kawo shaida. Ya kasa, a kai shi gaban alƙali. Wallahi mutum biyu kawai za a yi wa haka a yankin nan, bakuna su dawo cikin hankalinsu.

43/ Na 5: A sa mata da matasa a kwamitocin nan. Uwa ce ke fara sanin an taɓa ɗanta. Matashi ne ya san abin da ke yawo a waya. Taron dattawa zalla da ake yi a sha lemo a ɗauki hoto ba zai ji kukan mai tuwo ba.

44/ Duba jerin nan da kyau. Wanne ne ya saɓa wa addini? Wanne ne ya saɓa wa dokar ƙasa? Sashe na 33 ya ba kowane ɗan Najeriya 'yancin rayuwa, na 36 ya ce mutum ba mai laifi ba ne sai kotu ta tabbatar. Ba a rubuta "ban da wanda unguwa ta tsana" ba.

45/ Na ga masu shirin rubuta "nawa Turawa suka biya ka?" Ɗan'uwa, datar da nake wannan rubutu ma ranto ta na yi. Wasu kuma za su ce "kai ma ɗaya ne daga cikinsu." Ka ga abin da nake faɗa ke nan tun lamba 16. Ka jefa kalmar don in yi shiru. Na yi shirun sau ɗaya, ya ishe ni.

46/ Zan ƙara faɗin wadda ta fi ɗaci. Ko da a ce abin da ake zargin mutum gaskiya ne, jininsa bai halatta gare ka ba, kuɗin uwarsa bai halatta gare ka ba. Ɗan wani ne, ƙanin wani ne. Hisabinsa na wurin Ubangijinsa, hukunci na hannun alƙali. Kai kuma za a tambaye ka gorarka.

47/ Mai tuwon nan ta daina fitowa tasha. Kwanaki na gan ta a wurin wata ta'aziyya, na gaishe ta, na ce, "Inna, ya labarin mutumina?" Ta ce yana lafiya, yakan bugo waya, amma ya ce ko Sallah ba zai zo ba. Na kasa haɗa ido da ita.

48/ Kawu, na san yaranka za su nuna maka wannan. Ka yi haƙuri, ban faɗi sunanka ba. Amma zaman kwamiti na gaba, in ka tashi, ba kai kaɗai ba ne, zan zo in tsaya a bayanka. Wanda ke da kawu ko baba a irin kujerar nan, tura masa zaren nan.

49/ Mai hujja, bismillah, ina ƙasa ina jira. Mai zagi kuma Allah Ya shirye mu baki ɗaya. Allah Ya rufa mana asiri duniya da lahira, Ya hana mu zama sanadin hawayen uwar wani. 🙏🏾